Mutum Uku da Suka Tare Kogin Ɗinya

Ku matso kusa, na bakin tabarma ku gyara wa na baya. Ga ta nan gare ku, amma ba irin wadda ake yi wa yara don barci ya ɗauke su ba ce. Wannan sai kun kasa kunne, don idan na kai ƙarshe zan ɗora muku kaya, kuma ba mai tashi sai ya faɗi nasa.

A labaran da kakanninmu suke ba mu, 'yan'uwa uku ne kan fita neman abu, uwa ɗaya uba ɗaya. Waɗannan ukun da zan ba ku labarinsu ba su haɗa komai ba. Kafin shekarar da abin ya faru, ko a kasuwa suka yi karo ba wanda zai gane wani.

Akwai wani gari ana ce masa Kwatar Marke, yana kwance a bakin Kogin Ɗinya. Rabin mutanensa masunta ne, rabi manoman shinkafa, da yawa kuma suna taɓa duka biyun. Kogin nan shi ne abincinsu, shi ne kuma abin tsoronsu. Can sama da garin, a wani wuri da ake kira Tsauni Biyu, gwamnati ta gina madatsar ruwa, wadda kowa ke ce wa dam. Daga nan ake ba birni ruwan famfo, daga nan kuma ake sako wa masu noman rani ruwa.

To, kogi ɗaya ne, amma masu kula da shi ba ɗaya ba ne. Akwai ofishin masu auna ruwa, su ne ke bin sawun ruwan sama da hawan kogi, shugabanninsu suna can nesa. Akwai hukumar dam, ita ma da nata iyayen gidan. Sannan akwai ofishin agajin gaggawa na ƙaramar hukuma. Ba a ce malalata ba ne, kowa yana aikinsa. Sai dai ba mai leƙa tukunyar wani. Mai auna ruwa ya rubuta abin da ya gani ya aika sama. Mai dam ya buɗe ƙofofi ranar da ruwa ya fi ƙarfinsa. Mai agaji ya ji labari a bakin waɗanda suka tsira, ya zo da tabarmi da garin kwaki. Haka aka daɗe ana yi, kuma duk bayan 'yan shekaru sai Kwatar Marke ta binne mutanenta.

Ta farko a cikin ukun ita ce Malama Hansatu. Baƙuwa ce, 'yar wata jiha, ba dangin iya ba na baba a ƙasar. Aiki ne ya kawo ta ofishin auna ruwa, ga goyo a bayanta. A shekarar da nake faɗa muku, tun marka ba ta kankama ba ta lura rafukan da ke zuba a dam sun riga sun cika, ƙasa kuma ta ƙoshi, ba ta ƙara shan ruwa. Ba ta tsaya ga abin da ake faɗa mata ta waya ba. Ta hau acaɓa, inda babur ya kasa ta tuɓe takalmi ta ratsa taɓo, ta je ta duba sandunan awo da aka kafa a bakin rafuka da idonta. Ta dawo da tabbacin ruwan da ke tafe ya fi duk wanda tsofaffin garin suka taɓa gani.

Abin da ƙa'ida ta ce shi ne ta rubuta ta aika sama, ta zauna ta jira. Ta rubuta, ta aika, amma ba ta zauna ba, don ta san kafin takarda ta gama zagaya tebura ta sauko, ruwa ya riga ta isowa. Ta tafi hukumar dam da ƙafarta, aka ce mata su ba sa karɓar umarni daga ofishinsu. Ta tafi sakatariyar ƙaramar hukuma, aka ce mata, "Ba ku ne bara kuka ce mutane su tashi ba? Suka tashi, ruwa bai zo ba, ɓarayi suka kwashe musu awaki." Gaskiya ce kuwa, an yi haka. Ta haɗiye. Ta gayyaci ɓangarorin biyu zuwa ofishinta, ba wanda ya zo.

Sai ta nufi Kwatar Marke, ta faɗi gaban Dagaci Maiwada ta yi gaisuwa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, na kira su sun ƙi, don kowa yana ganin idan ya taka ofishin wani ya zama yaronsa. Amma zaurenka ba ofishin kowa ba ne. Idan kai ka gayyace su, kunya za ta kawo su."

Dagaci ya dube ta, ya dubi yaron da ke bayanta. Ya ce, "In kuma ruwan bai zo ba fa, 'yata?"

Ta ce, "Sai ka sa a yi shela a kasuwa, a ce Hansatu ce ta yi ƙarya. Gara a yi mini dariya da a yi muku zaman makoki."

Dagaci ya aika, suka zo. A zauren nan ne, a kan tabarma ɗaya, ofisoshin uku suka fara zama tun da aka gina dam.

Na biyu shi ne Injiniya Haladu, shugaban ma'aikatan dam. Dattijo ne mai furfura, kaɗan ya rage ya ajiye aiki ya koma garinsu ya huta. Ya saurari Malama Hansatu har ta gama, ya yi mata tambayoyi masu tsauri, ta amsa. Sai ya ce dam ya kusa cika. Idan aka bar shi haka har babban ruwan ya zo, dole ya buɗe ƙofofi gaba ɗaya a rana guda, kuma a ranar babu abin da zai rage a Kwatar Marke sai hasumiyar masallaci. Mafita ɗaya ce, a fara rage ruwan tun yanzu kaɗan-kaɗan, a yi wa mai zuwa wuri.

Faɗar haka ba wuya, yinsa ne wuya. Ba a sakin ruwa mai yawa sai da izini daga sama. Ya nemi izinin, aka ce ana dubawa. Ya sake nema, aka ce a ƙara haƙuri. Shi kuwa ya san abin da ke kansa. Idan ya zubar da ruwa damina ta tsaya, famfunan birni za su bushe, gonakin rani za su ƙone, kuma ba wanda za a kama sai shi, ya tashi a tutar babu bayan shekarun da ya yi yana aiki. Duk da haka ya sa hannu da kansa, ya ce a buɗe.

Manoman rani suka ji labari, suka taru a ƙofar dam suna ɗaga murya, suna cewa yana zubar da abincin 'ya'yansu a kan maganar baƙuwa. Wasu har da jifa. Ya fito ba tare da ɗan sanda ba, ya tsaya a gabansu. Ya ce, "Jama'a, hakkinku ne ku ji tsoro, ni ma ina ji. Ruwan da na zubar, in Allah ya so, sama za ta mayar. Amma wanda ruwa ya ci, ba ni da inda zan samo muku shi." Ba su gamsu duka ba, amma sun watse. Daga ranar kullum da safe sai ya tambayi Kwatar Marke yawan ruwan da kogi zai iya ɗauka, da yamma ya tambayi Malama Hansatu abin da ke tafe, sannan ya ƙara ko ya rage.

Na uku shi ne Sallau, jami'in agajin gaggawa, shi kuwa ɗan garin ne, a nan aka yanke masa cibiya. A zauren Dagaci shi ne ya ce akwai wani cikas. Ciyawar kachala ta toshe kogi daga kwata har zuwa gada, ko ruwan da Injiniya zai sako kaɗan-kaɗan ba zai sami hanya ba, cikin gari zai juyo. Ya nemi motar haƙa, aka ce tana wani aikin. Bai jira ta ba. Ya bi unguwa-unguwa ya haɗa gayya. Masunta da manoma suka shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, matsattsaku suna shan jininsu, macizai suna gilmawa, shi yana gaba. Mata suka ɗora tukwane a bakin kwata. Duk wani tsohon buhun taki da ke garin aka cika shi da yashi, aka ja jinga ta kewaye gidaje ta ɓangaren kogi.

Wannan duk mai sauƙi ne a kan abin da ya biyo baya. Su ukun sun yi shawara sun ga ko an share kogi, ranar babban ruwa ba zai ɗauke shi duka ba. Sai an fasa gaɓa an juya wani kaso ta wani tsohon rafi, ya zube a Fadamar Ƙasa, inda gonakin shinkafar garin suke. A lokacin shinkafar Fadamar Ƙasa ta yi ciki, kore shar, mai ita yana kallonta yana murmushi. Masu gonakin suka ce sai dai a bi ta kan gawarsu.

Gonar farko a bakin tsohon rafi ta mahaifin Sallau ce, Malam Barau, kuma ita ke ciyar da gidansu. Sallau ya same shi a gindin rumbu, ya tsuguna. Ya ce, "Baba, idan ban fara da taka ba, ba wanda zai yarda a taɓa tasa."

Tsohon ya nuna masa lungu da haɓa. Ya ce, "Ɗauki galmata, taka ba ta da baki."

Da mutane suka ga Sallau yana sara gaɓar gonar ubansa, hawaye na zuba, sai suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya da nasu kayan aikin. Bayan haka ya shiga kwashe tsofaffi da masu jego da marasa lafiya zuwa makarantar da ke kan tudu. Wanda ya ƙi, ya zauna ya lallashe shi. Akwai wata tsohuwa, Iya Tabawa, ta rantse ba za ta bar agwaginta ba. Ya sa aka zuba su a kwando, ya goya ta a bayansa, tana tafe tana yi masa faɗa wai yana girgiza ta.

Sai marka ta sauka. Sama ta rufe, ruwa ba dare ba rana, rana ta ɓace kamar ba a taɓa yinta ba. Wata safiya Malama Hansatu, tana tsaye a wata gada can sama da dam, ta kira Injiniya da Sallau a waya ta ce, "Ga shi nan, ya taso."

Injiniya Haladu ya rufe ƙofofin dam don ya tare shi. Wurin da ya tanada ya fara cika, ruwa yana hawa bango. Da hantsi ya kai jan layin da aka ce kada ruwa ya wuce. A daidai lokacin kuma jingar Kwatar Marke ta tsage ta kusurwar gabas, ga wasu gidajen masunta a ƙetaren kogi ba a gama kwaso su ba.

Injiniya ya kira Sallau. Ya ce, "Sallau, ruwa ya kai jan layi. Ma'aikatana suna roƙona in buɗe."

Sallau yana cikin ruwa, buhu a kafaɗa. Ya ce, "Don girman Allah, Injiniya, ba ni zuwa azahar."

Injiniya ya kira Malama Hansatu. Ya ce, "Malama, faɗa mini gaskiya komai ɗacinta. Nawa zai ƙara kafin azahar?"

Gadar da take kai tana rawa, ruwa yana lasar ƙafafunta, mai acaɓan da ya kawo ta yana kiran ta ta sauko. Ta ƙi sauka sai da ta sake duba sandar awo. Ta ce, "Yana hawa, amma ya rage gudu. Ba zai wuce taƙi ɗaya ba."

Injiniya ya san bangonsa zai ɗauki taƙi ɗaya, ba zai ɗauki biyu ba. Idan ta yi kuskure, dam zai fashe ya tafi da shi, ya tafi da garin, ya tafi da duk abin da ke ƙasa. Ya sallami ma'aikatansa, ya ce su kwashe iyalansu su hau tsauni. Shi ya zauna a ɗakin injin buɗe ƙofofi, carbi a hannu, bango yana kuka a ƙarƙashinsa.

A can ƙasa Sallau da mutanensa suka jeru a bakin tsagar, suka sa bayansu suka tare ruwa, wasu suna jefa buhuna a bayansu har ta toshe. Kwale-kwale suna kai da kawowa. Ladan yana ɗaga murya kwale-kwalen ƙarshe yana taɓa gaɓa. Sallau ya kira ya ce, "Buɗe, Injiniya. Mun gama."

Ya buɗe. Waɗanda suke kan tudu sun ce sun ji rugugin ruwan tun kafin su gan shi. Ya zo ja wur, ɗauke da itatuwa da bukkoki. Ya bi kogin da aka share, ya karkata ta tsohon rafi ya mamaye Fadamar Ƙasa, ya hau jinga har ya kusa leƙa bakinta, ya tsaya a nan. Washegari ya fara ja da baya.

Shinkafar Fadamar Ƙasa ta tafi, ko zangarniya ba a tsinta ba. Amma ba a rasa rai ko ɗaya ba, babu gidan da ya rushe a cikin jinga, rumbuna suna tsaye da hatsinsu. Mutane suka sauko daga tudu suna shafa bangon ɗakunansu suna kuka suna hamdala. Tsofaffin da suka binne 'ya'ya a ambaliyar baya su suka fi kowa kuka.

Allah kuma bai bar su haka ba. Dam ya cika maƙil, aka yi noman ranin da aka daɗe ba a ga irinsa ba, manoman da suka yi jifa suka kai wa Injiniya kwandunan tumatir suna sunkuyar da kai. Su ukun suka matsa har aka ba waɗanda suka rasa gona a Fadamar Ƙasa fili a wurin noman rani. Ruwan da ya kwanta a fadamar ya bar kifi, ya bar taki, shekara ta zagayo ta yi albarka. Malama Hansatu da Injiniya Haladu sun sha tambayoyi daga manyansu kan tsallake ƙa'ida, amma Dagaci ya ɗebi dattawa suka je suka yi bayani, maganar ta mutu. Tun daga lokacin, kowace shekara kafin ruwan farko, ofisoshin uku suna zama a zauren nan su tsara yadda za a yi da kogi, nawa za a ajiye, nawa za a saki, wa zai kira wa.

Daga baya gwamnati ta gina jinga ta dutse da siminti a gurbin ta buhuna. Mutanen gari suka ce ba su da abin da za su biya mutanen nan, amma za su sa wa jingar sunan ɗaya daga cikinsu, don jikoki su riƙa tambaya a ba su labari. Wani ya ce a sa sunayen duka ukun. Dagaci ya ce, "Bakin mutane ba ya ɗaukar suna uku. Ko mun sa uku, ɗaya ne zai tsira, gara mu zaɓa da kanmu."

Nan fa aka rabu.

Wasu suka ce Malama Hansatu ce. Ita ta ga abin da ba wanda ya gani, ita ta sha wulaƙanci ƙofa-ƙofa, ita ta haɗa waɗanda ba sa haɗuwa. Ba don ita ba, da Injiniya yana zaune a kan cikakken dam, Sallau yana ƙirga tabarmi. Kuma ba ta da kowa a garin, babu wanda zai zarge ta da ta aika takardarta ta koma ta shayar da ɗanta.

Wasu suka ce Injiniya Haladu ne. Sani ba ya tare ruwa. Shi kaɗai ne ƙofofin ke hannunsa, ya buɗe lokacin da kowa ke cewa ya rufe, ya rufe lokacin da kowa ke cewa ya buɗe. Ya sa aikinsa na shekaru a faifai, sannan ya sa ransa, saboda mutanen da ko sunayensu bai sani ba.

Wasu kuma suka ce Sallau ne. Da bai share kogi ba, ruwan da Injiniya ya fara saki shi zai fara cin garin. Da bai fasa gonar ubansa ba, da jinga ba ta tsaya ba. Su biyun sun ji tsoron asara, shi kuwa ya yi asarar a fili, gidansu suka ci tuwon sadaka har kaka ta zagayo. Masu ja da su suka ce ai ɗan gari ne, uwarsa da ubansa ya ceta, dole ne a kansa. Suka amsa da cewa 'yan gari nawa ne suka ce sai dai a bi ta kan gawarsu?

Da gardama ta ƙi ƙarewa aka aika a tambaye su. Malama Hansatu ta ce ita magana kawai ta yi, a ba Injiniya. Injiniya ya ce shi a ɗaki yake zaune a bushe, a ba Sallau. Sallau ya ce shi da ba a tashe shi ba da har yanzu yana barci, a ba Malama. 'Yan aike suka dawo da abin da suka tafi da shi.

Ni dai na kawo muku ita har bakin gaɓa, sauran ku ne za ku haye. Ga wadda ta gani ta faɗa, ga wanda ya riƙe ruwa, ga wanda ya shiga cikinsa. Da ku ne dattawan Kwatar Marke, to, sunan wa za ku sa wa jingar nan?